Dokar Fito a Mashigin Ɗantani

Mashigin Ɗantani, Wudil
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga ƙanena Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zainab da yara. Yaya aikin majalisa, yaya zaman Kano? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero har ya fara rufe ƙasa. Maigidana Malam Isyaku ƙafar nan ta ɗan taso masa, amma ba ta hana shi fita bakin kogi ba. Ɗanka Sulaiman shi ke riƙe da babban jirgin yanzu, uban kuma yana riƙe da ƙaramin.

Ni kuwa kunnen nan yana nan yadda ka sani. Ka daina wahalar da kanka da kirana a waya, don sai dai in ga sunanka yana haske, in kasa jin komai. Rubutu ya fi mini. Abin da na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane a firamare ba zai gagare ni ba. Garzali direba ya ce zai riƙa miƙa maka a ofis duk ranar da ya shiga Kano.

Takardar nan taka ta wata-wata, Labarin Mazaɓa, ta iso. Guda ɗaya ce ta ƙetaro wajenmu, Sulaiman ya liƙa ta da gam a bangon rumfar da ake jiran jirgi. Ni na karanta wa mutane ita da ƙarfi. An ji daɗin labarin rufin makarantar Achika da na famfon Sabon Gari. Da na zo wurin tarihi, inda ka ba da labarin Ɗantani kakan Malam Isyaku, yadda ya fara fito a nan tun ba a yi gadar Wudil ba, yana ƙetarar da fatake da buhunan gyaɗa, sai na ga tsofaffi sun gyara zama. Malam Isyaku har ya sa na maimaita.

Daga nan na iso layin ƙarshe na takardar. Ga abin da ka rubuta: "A zaman majalisa na wannan damina zan gabatar da ƙudurin da zai tsayar da fito a duk mashigan mazaɓarmu."

Yahuza, na ɗago kai na dubi mutane. Wani daga baya ya ce, "Malama, sake karantawa." Na sake. Malam Isyaku ya ɗauki gorarsa ta tuƙi ya tafi jirgi, bai waiwayo ba.

Me kake nufi? In an tsayar da fito, da me gidajen nan za su ci? Mutanen ƙetaren nan kuma ta ina za su kai kaya kasuwar Juma'a, su zagaya har gada? Na ce musu ƙanena ba zai yi haka ba, akwai bayani. Ka aiko mini da bayanin, don na riga na sa bakina.

Yayarka,
Mairo

*

Mashigin Ɗantani, Wudil
30 ga Yuni, 2024

Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma muna nan.

Garzali ya rantse mini ya kai wasiƙata ofishinka hannu da hannu. Kullum in ya dawo sai in leƙa, sai ya kaɗa mini kai. Ban san ko aiki ne ya yi maka yawa ba, ko kuwa amsar ce ba ka da ita.

Bari in gaya maka yadda ake ciki. Masu fito na mashigai uku sun yi taro a ƙofar gidanmu. Malam Isyaku ya cire hotonka da ke zaure, bai yaga ba, ya naɗe ya sa a bayan buhu. Ya hana Sulaiman ɗaukar wayarka, shi ya sa ka ga yana ƙin amsawa. Ya ce shi ne ya riƙa ƙetarar da kai makaranta safe da yamma tun kana riƙe da gefen jirgi kana kuka, kuma shi ya zagaya ƙauyukan nan da ƙafarsa mai ciwo yana ce wa mutane su zaɓe ka. Ban iya musa masa ba, don duk gaskiya ne.

Ni ce a tsakiya. In na shiga cikin mata sai hira ta tsaya. Da ma ba ji nake sosai ba, amma ina ganin baki in ya rufe.

Tun rasuwar Inna ni na goya ka, ban taɓa neman komai a wajenka ba, ko da ka hau kujerar nan. Yanzu ina neman takarda ɗaya. In ma gaskiya ne za ka hana fito, faɗa mini da hannunka, kada in ji a rediyo.

Mairo

*

Kano
6 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Yayata Mairo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Yaya Isyaku da Sulaiman da duk mutanen gida. Allah ya ƙara wa Yaya Isyaku sauƙin ƙafa. Zainab da yara suna lafiya, suna gaishe ki.

Yaya, ki yi haƙuri. Wasiƙunki biyu jiya na gan su a tare. Kwamitinmu ya fita rangadin makarantu, a bayana kuma aka haɗa su cikin tarin takardun masu neman taimako. Na yi ta kiran Sulaiman yana ƙin ɗauka, na zaci wayarsa ce ta lalace. Sai da na karanta ta biyun na gane dalili.

Yanzu ki aika a ɓamɓaro takardar nan daga bango, a duba bayanta. Shafi biyu ce, gaba da baya. Maganar ba ta ƙare a inda kika tsaya ba. Ga ta a cike: "zan gabatar da ƙudurin da zai tsayar da fito a duk mashigan mazaɓarmu a kan ƙa'ida ɗaya, domin a kare ran fasinja, a kuma kare sana'ar masu jirgi." Na haɗo miki da kwafi goma, ki raba. Laifina ne da na bari magana mai nauyi irin wannan ta tsinke a ƙarshen shafi, na kuma gaya wa masu buga mana kada a sake.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ko da an karanta bayan, akwai abin da Yaya Isyaku ba zai so ba. Ƙudurin yana da abubuwa huɗu. Kowane mai fito zai yi rajista a ƙaramar hukuma. Kowane jirgi za a ƙayyade masa yawan mutanen da zai ɗauka. Kowane fasinja zai sa rigar ceto, irin wadda ke hana mutum nitsewa. Sannan ba fito bayan sallar magariba.

Ga dalilina. Bara da damina, kin ji labarin jirgin da ya kife a wani mashigi can sama da mu. Na je wurin washegari. An riga an yi jana'iza, amma takalman yaran suna nan a bakin ruwa, an jera su, ba wanda ya iya kwashewa. Mai jirgin ba mugun mutum ba ne, Yaya. Na zauna da shi. Ranar kasuwa ce, kowa yana sauri, kowa yana ce masa "ni kaɗai ka ƙara". Ba shi da wata doka da zai nuna musu ya ce a'a. Tun daga ranar abin bai bar ni ba.

Na san abin da Yaya Isyaku ya yi mini. Ban manta rigarsa da yake lulluɓa mini in ruwa ya tare mu a tsakiyar kogi ba. Don haka ne ma ba na son wata rana in zo in zauna da shi ko da Sulaiman irin zaman da na yi da wancan bawan Allah.

Ki karanta masa wannan duka, har abin da ba zai yi masa daɗi ba.

Ƙaninki,
Yahuza

*

Mashigin Ɗantani, Wudil
14 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ƙanena Yahuza,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Ina gaida Zainab, ka ce mata kukar da ta aiko ta iso, an gode. Ƙafar Malam Isyaku da sauƙi.

Mun ɓamɓaro takardar. Rabin bayan ya tafi da bango, amma abin da ya rage ya isa. Na ji kunya, ni da na koyar da aya da waƙafi, ban lura layin ba shi da aya a ƙarshe ba. Sulaiman kuwa tun ranar ake tsokanarsa, ana ce masa mai gam.

Na karanta wa Malam Isyaku taka duka. Da na zo wurin takalman yara sai ya sunkuyar da kai. Da na gama ya ce, "To bai hana fito ba, ya dai ɗaure masa ƙafa." Hotonka yana nan a bayan buhu.

Ga abin da suke cewa, kuma wani ciki ni ma ina tare da su. Na farko, ƙirga kai. Malam Isyaku ya ce ma'aikacin da ke zaune a ofis zai rubuta mutum kaza, amma mace ɗaya da buhunan albasa ta fi 'yan makaranta biyar nauyi, balle a sa babur ko ɗan maraƙi. Na biyu, rigunan nan, wa zai saya? Na uku shi ne nawa, ba nasu ba. Asibiti yana ƙetarenku ne, ba namu ba. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama ba ta duba rana ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Ni kaina da haihuwar Sulaiman bayan magariba aka ƙetare da ni. In dokarka ta hana wannan, za ka ceci wasu a ruwa ka kashe wasu a ɗaka. Ka yi tunani.

Sai maganar tarihi. Tsofaffin mata sun ce in gaya maka ka yi rabin aiki. Da Ɗantani ya makance, 'yarsa Asabe ce ta riƙe gora shekaru masu yawa kafin ƙannenta su tasa, tana fito da goyo a bayanta. In ba don ita ba da mashigin nan ya mutu tun lokacin. Maza ba sa ba da wannan labarin, amma mu muna ba wa junanmu. In za ka rubuta tarihinmu, ka rubuta shi duka.

Yayarka,
Mairo

*

Kano
20 ga Yuli, 2024

Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kowa da kowa. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warke.

Maganar magariba ta shige ni. Na kai wa shugaban kwamitin da ke duba ƙudurin, ya ce in an buɗe ƙofar "larura", kowa zai ce larura ce ta fito da shi. Yana da gaskiyarsa, kina da taki. Ni kaɗai ba zan iya juya su ba, sabon shiga ne ni, kujerata ma can baya take. Amma ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, kuma ranar ashirin da bakwai ga Agusta za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Duk wanda abin ya shafa yana iya zuwa ya yi magana, a rubuta. Ina roƙon Yaya Isyaku ya zo. Ba don ya goyi bayana ba. Ya zo ya faɗi abin da ya faɗa miki, a gaban waɗanda za su yanke.

Na ba Garzali rigunan ceto 'yan kaɗan, na gwaji. In an ƙi su, ki ajiye.

Labarin Asabe zai fito a Labarin Mazaɓa na watan gobe. Ki tambayar mini tsofaffin ko akwai wadda ta gan ta da idonta, da kuma inda aka binne ta. Ina son in rubuta shi daidai.

Ƙaninki,
Yahuza

*

Mashigin Ɗantani, Wudil
18 ga Agusta, 2024

Yahuza,

Assalamu alaikum. Kada hankalinka ya tashi da abin da za ka karanta, kowa yana raye, kowa lafiya. Na fara da wannan ne don na san ka.

Na yi jinkirin amsa saboda ba ni da abin faɗa. Malam Isyaku ya ce ba zai je Kano ya tsaya gaban yara masu manyan riguna suna tambayarsa sana'ar kakansa ba. Rigunanka kuma ya ce a rataye su a zaure. Sulaiman ne ya saci jiki ya ɗauki wasu ya sa a jirginsa, yana ba 'yan makaranta.

Shekaranjiya Juma'a kogi ya cika fiye da yadda muka saba, ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa. Mutane sun taru da sassafe za su kasuwa. Sulaiman ya tafi da nasa cike. Mutane da yawa suka rage, aka dinga roƙon Malam Isyaku. Ka dai san Mas'uda mai albasa, wadda muka yi makarantar allo tare. Tana cikinsu da buhunanta. Ita ta ba ni labarin, ta rubuta mini wani a ƙasa da tsinke inda na kasa ji.

Ta ce tun daga baki ta ga gefen jirgin ya kusa shafar ruwa, amma ba wanda ya yi magana, don Malam Isyaku ne, bai taɓa zubar da kowa ba. Da suka kai tsakiya wani kututture ya bugi gaban jirgin, ya juya, ruwa ya fara shiga ta gefe. Mata suka fara salati, wasu za su miƙe. Ta ce bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kowa ya zauna. Mas'uda, tura buhunanki." Ta ce, "Malam, jarina ke nan." Ya ce, "Tura." Ta tura da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, wani saurayi ya tura kekensa. Jirgin ya ɗago. Ruwa ya ja su can ƙasa da mashigi, ya samu ya kafa gora a wani tudun yashi, suka fita da ƙafa, ruwa iya ƙirji.

Ya dawo gida da azahar, jiƙe. Na kawo abinci bai taɓa ba. Ya zauna a zaure yana kallon rigunan nan da ke rataye. Can ya matso kusa da kunnena mai ɗan ji ya ce, "Akwai jariri a jirgin, Mairo. Na san ya yi nauyi tun kafin in tura. Na kasa ce musu a'a."

Jiya da safe ya je gidan Mas'uda da kansa ya yi mata jaje, masu fito kuma sun ce za su haɗa mata abin da za ta sake tashi da shi. Da ya dawo ya ce, "Rubuta wa ƙaninki zan je. Amma ki gaya masa ba hannu zan je ɗaga masa ba. Maganar ƙirga kai da ta magariba, sai mun yi ta."

Ka tanadar masa wurin zama kusa da ƙofa saboda ƙafarsa. Kuma kada ka ce masa komai a kan Juma'ar nan sai in shi ya fara.

Takardar watan nan ta zo. Matan sun sa na karanta labarin Asabe har sau biyu, jikarta ta yi kuka. Wannan karon ba a liƙa ba, hannu-hannu ake yawo da ita.

Yayarka,
Mairo

*

Kano
28 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Yaya Mairo,

Assalamu alaikum. Ina fata Yaya Isyaku da abokan tafiyarsa sun iso gida lafiya. Na san halinsa, in kin tambaye shi yadda aka yi zai ce "an yi" ya yi shiru. Shi ya sa na zauna in rubuta miki.

Sun zo su biyar. Ya ƙi kujerar da na ajiye masa, ya zauna cikin jama'a. Da muka gaisa ya ce mini "Honarabul", bai ce Yahuza ba.

Da aka kira shi ya tashi, aka miƙa masa abin magana ya ce ba ya buƙata. Ban taɓa zaton zai fara da abin da ya fara da shi ba. Ya ba da labarin Juma'ar nan da bakinsa, bai rage komai ba. Ya ce, "Ni ne babba a mashiginmu, ni na yi lodin. Don haka ban zo in ce kada a yi doka ba. Na zo ne a yi wadda za mu iya bi."

Shugaban kwamiti ya tambaye shi, in ba a ƙirga kai ba, da me za a auna. Akwai wata malamar jami'ar nan ta Wudil da muka gayyato, ta ce a wasu wurare layi ake ja da fenti a jikin jirgi, in ruwa ya kai layin an gama lodi, ko mutum ne ko buhu. Yaya Isyaku ya juya ya dube ta ya ce, "Wannan magana ce. Amma layin rani daban, na damina daban." Suka shiga ja-in-ja a kan inda za a ja shi, ita da lissafinta, shi da hannunsa yana gwadawa a jikin tebur, har sai da shugaba ya ce su ƙarasa a bakin kogi. Sun yi alkawarin haɗuwa a mashiginku.

Maganar magariba ta fi wuya. Na karanta musu abin da kika rubuta mini a kan naƙuda, ban faɗi sunanki ba, na ce wata uwa ce daga mazaɓata. Ki yafe mini in ban kyauta ba. Wasu sun dage. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa fiton kasuwa da na haya zai tsaya da magariba, amma mara lafiya da mai naƙuda za a ƙetare da su kowane lokaci, a jirgin da ke da fitila, da sanin babban mai fito na mashigin. Rigunan ceto kuwa ban samu yadda nake so ba. Na nemi gwamnati ta ɗauki nauyinsu duka, aka ce sai an ga kasafin baɗi. Kafin nan zan fara da mashigai uku daga abin da ofishina zai iya, sauran kuma zan ci gaba da bi. Zan rubuta haka a Labarin Mazaɓa yadda yake, kada wani ya zaci an gama.

Da za su tafi na raka su mota. Ya riga ya shiga, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Yahuza, ka rame. Ba sa ba ka abinci a nan ne?"

Saura karatu na uku, sannan sa hannun gwamna. Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Yahuza

*

Mashigin Ɗantani, Wudil
20 ga Oktoba, 2024

Ƙanena Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya. Mun ji daɗin zuwanka, ko da yake ba ka ci tuwon kirki ba. Ana ta yankan gero, bana an samu, sai dai gonakin bakin ruwa da kogi ya ci.

Mutane suna ta maganar taron da ka yi a rumfa. Sun ce ba su taɓa ganin ɗan majalisa ya zo ya ce "wannan na iya, wannan na kasa" ba. Mas'uda ta koma kasuwa. Ita ce yanzu mai duba layi, kafin mai jirgi ya yi magana ta riga shi. Dokar ba ta fito ba tukuna, amma a nan an riga an fara binta.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ka ce za ka iso da hantsi, motarka kuma an gan ta a ƙetare tun da wuri, amma ba ka shigo gida ba sai bayan azahar. Na tambaye ka ka yi dariya, na tambayi Malam Isyaku ya ce in tambaye ka. Me kuke ɓoye mini? Ko kun sake saɓawa ne a bakin ruwa? Ka faɗa mini gaskiya, na gaji da zama a tsakiya.

Yayarka,
Mairo

*

Kano
26 ga Oktoba, 2024

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, Zainab ta gode da gero da kifin. Majalisa ta amince da ƙudurin ranar Talata, an aika don sa hannu. Ki gaya wa Yaya Isyaku.

Ba mu saɓa ba. Na ƙi ba ki amsa ne don yana zaune kusa da ke, kuma da sai na ɗaga murya duk gida sun ji.

Na iso mashigi da hantsi kamar yadda na ce. Jirgin Sulaiman yana can ƙetare ana yi masa gyara, na Yaya Isyaku kaɗai ke aiki, an kusa gama lodi. Da mutane suka gan ni suka fara matsawa, wani dattijo har ya miƙe zai sauka ya ba ni wuri. Yaya Isyaku ya ce masa, "Zauna, Baba, kai ka riga shi zuwa." Na sa ƙafa ɗaya a ciki. Ya leƙa gefen jirgin, ni ma na leƙa. Ruwa ya taɓa jan layin.

Ya ce, "Honarabul, an cika."

Wanda ya rako ni ya fara cewa, "Malam, ka san ko wane ne…" Ya ce, "Na san shi tun bai iya ɗaura wando ba. Ya jira sawu na biyu."

Na janye ƙafata. Ya tura jirgi suka tafi, suka bar ni a tsaye da babbar riga, mata masu jira suna rufe baki da mayafi. Na zauna a rumfa tare da su. A zaman nan na ji matsalar takin bana da ta malaman da ba sa zuwa aji fiye da duk abin da ake kawo mini ofis, har na cika takarda. Da ya dawo ma bai ɗauke ni ba, don akwai masu kaya da suka riga ni, sai a sawu na uku.

Da na shiga ya miƙo mini rigar ceto, ya tsaya sai da na ɗaure ta, ya ja igiyar da kansa ya ga ta kama. Muna tsakiyar kogi, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ka ji haushi?" Na ce, "A'a, Yaya." Ya ce, "To. In na ce maka a'a a gabansu, ba wanda zai sake ce mini shi kaɗai in ƙara."

Abin da ya makarar da ni ke nan. Ki gaishe shi, ki ce masa in na tashi zuwa wata mai zuwa zan yi sammako.

Ƙaninki,
Yahuza